Fuskar da Ke Tagar Hagu

Ƙarfe bakwai saura kwata na safiyar Lahadi wayar ofis ta yi ƙara. Mota ta kaɗe mace a sabon titin unguwar masana'antu, kuma motar ba ta tsaya ba.

Sufeto ya isa wurin tare da Saje kafin a ɗauke gawar. Mai sharar titi ce, rigarta ta aiki ruwan lemo tana leƙowa ta ƙarƙashin kwalin da aka lulluɓe ta da shi. Tsintsiyarta ta karye gida biyu. Takalmi ɗaya yana ƙafarta, ɗayan kuma yana can tsakiyar kwalta, taku talatin daga inda ta faɗi.

Wani tsoho mai gadin siton tayil yana tsaye a gefe, hannunsa duk jini.

"Baba, me ka gani?"

"Farar mota ce, yallaɓai, mai ƙofa biyu, gajera kamar an danne ta da hannu. Duk Lahadi take zuwa da sassafe, saboda titin babu kowa. In ta saki totur sai ta yi wata atishawa kamar akuya mai mura."

"Turbo ce!" in ji Saje, fuskarsa ta washe. "Yallaɓai, irin na Japan ɗin nan ne da ake ƙara musu ƙarfi. Atishawar nan iska ce take..."

Sufeto ya kalle shi, ya kalli kwalin. Saje ya haɗiye sauran maganar.

"Ka ga direban?"

"Ƙuru-ƙuru. Tagarsa a buɗe take, ta wajena. Dogo ne mai gemu, da jar hula, kansa har yana taɓa rufi."

"Nan take ta cika?"

Tsohon ya girgiza kai. "Ta yi minti ashirin tana kiran 'yarta. Ni na riƙe mata hannu. Da an samu wanda ya san yadda ake tsayar da jini..."

Kamarar ƙofar siton ta ɗauki motar tana wucewa, ƙarfe shida da minti ashirin da ɗaya. Hoton bai fita sosai ba, amma ga jar hula nan a tagar hagu, wajen zaman direba. Kan mutumin a sunkuye yake. Ko titi ba ya kallo.

A bakin kwalbati Saje ya tsinto wani baƙin ɓalle mai zane kamar saƙa. "Leɓen bamba ne, yallaɓai, wanda ake maƙalawa a ƙasan gaban mota. An daɗe da daina yin irinsa."

"Wa zai san mai shi?"

"'Yan kulob ɗin masu irin waɗannan motoci. Yanzu haka suna filin ajiye motoci na bayan babban kanti."

Motoci goma sha huɗu suka tarar a jere, kowacce bakinta a buɗe. Masu su ba yara ba ne. Magidanta ne masu tumbi da furfura, kowa da tsumman goge fenti a aljihun baya.

Sufeto ya miƙa wa shugabansu ɓallen. Nan da nan aka yi masa zobe. Suna karɓa hannu zuwa hannu, a hankali, kamar jariri.

"Kai! Na asali ne fa!"

"Wane mugu ne ya fasa wannan?"

"Mace ta mutu," Sufeto ya ce.

"Ayya, Allah ya ji ƙanta," wani ya faɗa da sauri. "Amma yallaɓai, ragowar leɓen fa? An tsince shi?"

Sufeto ya karɓe ɓallen. "Motar wa ce?"

"Gaskiya ba mu san ta ba," in ji shugaban. "Irin waɗannan suna da yawa a gari."

"Haba shugaba, guda nawa ne?" Wani siriri da suke kira Rediyo ya tsoma baki. "Ai Gimbiyar Likita ce kawai mai shi. Ga wajenta can, yau ba ta zo ba."

"Likitan dogo ne mai gemu?"

"Wa? Likitan haƙori? Ai ko hammatata bai kai ba. Mai gemun Dogo ne, bakanikensa, ƙanin matarsa. Amma in ana cewa Dogo ya tuƙa Gimbiya..." Ya fashe da dariya. "Motar da ko shiga za ka yi sai ka cire takalmi?"

Shugaban ya take masa ƙafa. Rediyo ya ɗauke wuta nan take.

Ba su sha wahalar neman Dogo ba. Da suka koma ofis yana zaune a bencin gaban kanta, jar hularsa a hannu, filasta a haɓarsa.

"Ni ne, yallaɓai. Ni na kaɗe ta."

"Ina motar?"

"Na bar ta a bakin hanya na gudu. Da na koma ban same ta ba."

"Wa ke tare da kai?"

"Ni kaɗai ne."

"Me kake kallo a ƙasa lokacin da ka buge ta?"

Dogo ya murza hular da ke hannunsa. "Waya," ya ce daga baya.

"Haɓarka fa?"

"Sitiyari ne."

Babban jami'in ofishin ya ji daɗi. Ga mai shaida, ga hoto, ga mai laifi ya amsa da bakinsa. "Talata da safe fayil ɗin nan ya tafi kotu," ya ce. "Tuƙin ganganci, kisa, gudu. Yaron nan ba zai ga waje ba sai gemunsa ya yi fari."

Shi kuwa Sufeto, dariyar Rediyo ce take masa yawo a kunne.

Da yamma suka bincike garejin Dogo. A ƙasan durowar sifanu, an naɗe da tsumma, suka sami ƙaramar kwamfuta. Gilashinta ya tsage, kuma akwai busasshen jini a bakin murfinta na sama.

Saje ya kunna ta. Lambobi suka cika rabin allon da ya rage.

"Da ita ake saita injin, yallaɓai. Ana jona ta da motar, a hau titi. Mutum ɗaya yana taka totur, ɗaya yana riƙe da ita a cinya, yana ƙara mai ko ya rage. Duba nan. Canji na ƙarshe an shigar da shi ƙarfe shida da minti ashirin da ɗaya."

"Mutum zai iya tuƙi yana wannan?"

"A gudun ɗari da tamanin? Sai in hannu huɗu gare shi."

"To amma hoto ya nuna shi a kujerar direba."

Saje ya sosa ƙeya. "A can inda ake ƙera su sitiyarin a dama yake. Amma ai kafin a ba su lamba sai an juya shi hagu."

Litinin da safe suka je asibitin haƙori. Likita gajeren mutum ne fes-fes, farar rigarsa ko lanƙwasa babu. Bangon ofishinsa hotunan farar mota ne tun daga sama har ƙasa, gilasanta baƙi wuluk. Hoton matarsa ɗaya ne, ƙarami, a bayan kwalbar alƙaluma.

Kafin su zauna ya miƙe. "An gano ta?"

"Tana ɗakin ajiye gawa," in ji Sufeto.

Likita ya yi ƙifi-ƙifi da ido. "Au. Matar. E, abin tausayi ne. Motar nake nufi."

"Ina kake jiya ƙarfe shida na safe?"

"A gida, ina barci. Daren Asabar na ba Dogo makulli ya je ya gwada ta. Yaron da na riƙe kamar ɗana, Sufeto. Ni na buɗe masa garejin nan. Dubi sakayyar da ya yi min."

"Abokanka sun ce ba ka ba kowa tuƙinta."

"Abokaina surutu ya yi musu yawa."

"Sitiyarinta a wane gefe yake?"

Likita ya jawo durowa ya fito da takardu a cikin leda, kamar dama jira yake. Ga hatimi, ga sa hannu: an juya sitiyari zuwa hagu shekara tara da suka wuce.

Ya rako su har ƙofa. "Don Allah in kun same ta kada ku sa mata sarƙa. Ƙasanta ba ya son ja."

A cikin mota Sufeto ya sauke gilashi ya tofar da yawu.

Daga nan gidan Likita suka nufa. Matarsa ce ta buɗe, idanunta sun kumbura. Ta zaunar da su a falo, ta kasa zama.

"Autanmu ne, Sufeto. Yana shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, a hannuna ya tashi. Yaron da ko kyankyaso ya gani sai ya kira ni. Na je ganinsa jiya, ya ƙi ɗago kai ya kalle ni."

"Maigidan yana gida jiya da safe?"

"Ya ce in an tambaya, barci yake."

"Ke fa, me kika ce?"

"Ni da na farka ƙarfe bakwai na same shi a banɗaki yana wanka. Abin da na sani ke nan."

Ta nuna musu ɗakin motar. Tayil fari ƙal, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ko da babu komai a ciki. A bakin ƙofa akwai ɗan kanta na ajiye takalma.

"Tamu ta ɗakin kwana ta lalace wata huɗu," ta ce. "Wannan kuwa ko minti ɗaya ba a kashe ta. Shekara tara, sau uku na taɓa shiga motar nan, ba takalmi kamar mai laifi. Kuma ba don daɗi yake ɗaukata ba, 'yar aike yake so. Duk ƙofar da muka je ni ke miƙa wa mai gadi kati, ni ke karɓar tikiti, don shi tagarsa tana can ɗaya gefen, hannunsa ba ya kaiwa."

Sufeto ya juyo a hankali. "Ke a wane gefe kike zama?"

"Hagu mana. Mutane har gaishe ni suke, wai sannu da tuƙi."

"Takarda ta ce an juya sitiyarin."

"Takarda!" Ta yi wata busasshiyar dariya. "Ya ce juya mata sitiyari daidai yake da yanke mata hannu. Ai sai dai a juya..."

Maganar ta tsaya mata. Ta dubi Sufeto, ta dubi ɗakin. Hannunta ya tafi bakinta.

"Auta a hagu aka gan shi," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ko ba haka ba?"

Ta zame ta zauna a kan kantar takalman.

A waje Saje ya ce, "Yallaɓai, maganar mace a kan mijinta ba za ta ture takarda mai hatimi ba. Sai mun samo motar, kuma gobe da safe fayil zai tafi."

"Kai da ka san halinsu, ina zai kai ta?"

"Ba nisa. Irinsu ba sa iya kwana biyu ba su ga motarsu ba. Sannan..." Ya yi jinkiri. "Jini yana cin fenti, yallaɓai. In ya wuce kwana biyu sai ya bar tabo. Duk ɗan kulob ya san wannan."

Sufeto ya runtse ido. "Je ka ɗauko min Dogo daga sel. Ka kira janwe kuma, wanda zai jawo mana motar."

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana Likita ya fito ta ƙofar bayan asibiti, jakar kayan aiki a hannu. Ya waiga sau biyu, ya tsallaka lungu, ya shiga wani shagon haya mai ƙofar ƙarfe, ya jawo ta ƙasa. Sufeto da Saje, waɗanda ke laɓe a mota, suka ba shi minti goma. Sannan Saje ya ɗaga ƙofar da ƙarfi.

Gimbiya tana tsaye a tsakiyar shagon. An cire bambarta an kwantar a kan bargo mai laushi, an tallafe ta da filo biyu. Likita yana durƙushe a gaban motar, safar hannu a hannunsa, fitilar goshi a kansa. Ƙaramin madubin duba haƙori a hagunsa, hantsaki a damansa. A kan farar audugar da ke gefensa ya jera abin da ya tsamo daga ragar gaban motar: zare ruwan lemo, tsinken tsintsiya, da wasu silin gashi.

Saje, mai son motocin, ya juya baya ya dafa bango.

Likita ya miƙe. "Alhamdu lillahi da kuka zo! Yanzun nan na gano inda yaron nan ya ɓoye ta. Ina shirin kiran ku ke nan."

"Da hantsaki?"

Sufeto ya zagaya ya buɗe ƙofar dama. Ga sitiyari nan, an lulluɓe shi da farin kyalle.

"Hoto ya nuna Dogo a hagu, Likita."

"Kamarorin nan juya hoto suke yi. Kowa ya sani. Shi ne ya tuƙa, ai ya faɗa muku da bakinsa." Ya dubi Dogo, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da ankwa. "Ko ba haka ba, ƙanena?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Yaya Likita."

"Shi ke nan," in ji Sufeto. "Saje, kwance shi. Tunda shi ne direba, shi zai kai mana ita ofis."

Aka cire ankwar. Dogo ya tako, silifas ɗinsa na sel duk dauɗa, tafin hannunsa baƙi. Gumi ya tsatstsafo a goshin Likita.

Dogo ya sa ƙafa ɗaya. Gwiwarsa ta daki sitiyari. Ya karkace, ya lanƙwashe, kafaɗarsa ta maƙale a bakin ƙofa.

"Ja kujerar baya," Sufeto ya ce.

"Ba ta ja, yallaɓai."

"Me ya sa?"

"Ɗaure take da noti. Ni na ɗaure ta." Ya saci kallon Likita. "Daidai tsawon ƙafar..."

"Gwada dai. Danna da ƙarfi."

Dogo ya danna. Fatar kujerar ta yi ƙara. Baƙin hannunsa ya kai ga farin kyallen sitiyari.

"Fita!" Likita ya daka tsalle ya cafko rigarsa. "Fita, ƙazami! Za ka yage min fata! Shekara tara babu mahaluƙin da ya taɓa zama a kujerar nan sai ni, sai yau kai da ƙafarka mai..."

Ya tsaya. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar injin janwe a lungu.

"Sai kai," in ji Sufeto. "Saje, ka rubuta?"

"Na rubuta, yallaɓai."

Dogo ya zare jikinsa ya fito. Ya dubi hannun da ke riƙe da rigarsa har sai da ya sake shi.

"Na ce masa akwai mutum a gaba," ya ce. "Ya ce in bar lambobin su kai, saura kaɗan. Da muka buge ta kwamfutar ta dake ni a haɓa. Bayan kwana ya taka birki. Na ɗauka komawa za mu yi. Wallahi na ɗauka komawa za mu yi, ai likita ne." Ya share hanci da bayan hannu. "Ya fita ya durƙusa yana shafa bamba. Ya ce, 'Dogo, leɓen ya tafi.' Sannan ya ce ni mai gadin ya gani, in amsa kawai, in ba haka ba Yayata ce za ta shiga uku."

"Gaskiya ne, Likita?"

Likita ya zauna a gefen bargon. Ya cire fitilar goshinsa ya ajiye a hankali, nesa da fenti.

"Ni ne," ya ce. "Amma ku fahimta. Ita ce ta shigo titi. Waye yake shara ranar Lahadi? Kuma ko na koma me zan yi mata? Ni haƙori na karanta." Ya ɗago kai. "Sufeto, guda nawa ne irin motar nan suka rage a duniya? Ka san shekara nawa na yi ina haɗa ta?"

"Minti ashirin ta yi tana zubar da jini a hannun mai gadi," Sufeto ya ce. "Juya bayanka."

Ankwar da aka cire wa Dogo ita aka sa masa. Sai da Saje ya matse ta har ƙarshe kafin ta kama siririn hannunsa.

Sufeto ya dubi Dogo. "Kai ma akwai taka, ta ƙarya ga hukuma. Amma yau a gida za ka kwana. Yayarka tana jiranka, kuma ta riga ta sani."

Dogo ya rufe fuska da jar hularsa, kafaɗunsa suna girgiza.

Direban janwe ya shigo yana jan sarƙa a ƙasa, mai tsatsa, mai kauri. "A ina zan maƙala, yallaɓai?"

"Duk inda ta kama."

"A'a! A'a, don Allah!" Likita ya fizge daga hannun Saje. "Akwai wajen ja na musamman! Ku bari in nuna masa! Ku sa mata mayafinta, rana za ta..."

Sufeto ya naɗe audugar da abin da ke kanta, ya sa a ledar shaida. Daga aljihun rigarsa ya fito da wata ledar, mai ɗauke da takalmin roba guda ɗaya wanda dunduniyarsa ta cinye. Ya ajiye shi a kan kujerar hagu.

"A saki birkin hannu," direban janwe ya kira daga gaba.

Sufeto ya dubi takalmin but ɗinsa. Tun jiya yake yawo da shi, daga kwalbati zuwa gareji zuwa lungun nan mai ruwan kwata. Ya sa ƙafar dama a kan farin kafet ɗin Gimbiya, ya dangana nauyinsa duka, ya miƙa hannu ya saki birkin.

"Takalminka!" Likita ya ƙwala ihu. "Sufeto, takalminka!"

Ihun bai yanke ba har aka tura shi bayan motar 'yan sanda. Sarƙa ta miƙe, ƙasan Gimbiya ya gurji dakalin ƙofa da wata ƙara mai tsawo, Likita ya manna fuska a gilashi yana kuka wiwi.

Saje ya tayar da mota. "Ofis, yallaɓai?"

"Ofis. Daga nan gidan marigayiyar. Akwai yarinyar da ya kamata ta ji daga bakinmu."